Yadda Na Ƙona Injin Alewar Inna

Ni mutum ce mai mantuwa. An taɓa aike na sayo gishiri, na dawo gida da cikakken labarin faɗan da aka yi a bakin famfo, babu gishiri, babu kwanon da aka ba ni. Amma akwai wata Laraba da ko zan tsufa har haƙorana su ƙare a bakina, ba za ta fita daga raina ba. Ranar ce na ƙona injin alewar mahaifiyata da hannuna, ina da shekara goma sha huɗu. Yanzu na doshi ashirin. Duk wanda na fara ba shi labarin sai ya yi dariya, haka nan Allah ya yi bakina, amma ni ban taɓa kai ƙarshensa ina dariya ba.

Gidanmu a Gwammaja yake, a wani lungu da in masu ƙiba biyu suka haɗu sai ɗaya ya koma da baya. Ni ce auta, kuma da sunan nan kowa yake kirana. Baffa, mahaifinmu, yana bin motocin shanu zuwa kudu, wani lokaci sai ya yi wata biyu ba mu sa shi a ido ba. Don haka gidan a wuyan Inna yake, Inna kuma a kan alewar madara take. Tun kafin a haife ni take yin ta. Masu kanti suna sara, masu biki da suna suna yin oda tun daga Gwale har Kabara. Wanda yake tsotsar alewa bai san wahalarta ba. Sai an dafa sukari ya yi danƙo, a zuba madarar gari, sannan a kama muciya a yi ta tuƙi ba ɗagawa, abin yana ƙara nauyi a hannu kamar ana tuƙa laka. In ka tsaya sosa hanci ma, ƙasan ya kama.

Tuƙin nan ne ya cinye kafaɗar Inna ta dama. Da farko man zafi take shafawa, daga baya ta koma ɗaure ta da tsumma. Ranar da na raka ta asibiti, likita ya duba hoton ya ce jijiyar kafaɗar ta fara yagewa, in ba ta ajiye muciya ba, akwai ranar da hannun zai ƙi ɗaguwa gaba ɗaya. Inna ta yi murmushi ta ce, "To likita, in na ajiye muciya, sai yaran su ajiye cokali ke nan." Muka dawo gida ta hura wuta.

Yayana, wanda muke kira Hamma, shi ne abin ya tsaya wa a rai. Ya karanta harkar injina, ya kuma yi koyon aiki a wani kamfanin sabulu a Sharaɗa. Wata bakwai ya yi yana haɗa wani abu a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, ya hana kowa shanya a wurin. Katuwar tukunyar silba ce a kan murhun gas, da wata muciyar ƙarfe a tsakiyarta, da moto mai giya a sama wanda ogansa ya ciro masa daga wani tsohon inji da kamfanin ya yi ritaya da shi. A gefe kuma akwai ɗan akwati mai allo kamar fuskar waya, da maɓallai. Sola da batir ke ba shi wuta. Ni kuwa na baza a makaranta cewa yayana jirgin sama yake ƙerawa, kuma ya ce ni zan fara hawa.

Ranar da ya gama, bai bari an kunna ba sai da ya zaunar da mu a tabarma, ni da Inna da Goggo, yayar Baffa da take zaune tare da mu. Ya ɗauki alli ya zana da'irori a jikin katanga, ya haɗa su da kibiyoyi, ya rubuta suna a cikin kowace: Jira, Aiki, Riƙe, Tsayawa, Katsewa, Kammala, Sharewa.

Ya ce, "Injin nan, ko yaushe kuka kalle shi, a cikin da'ira ɗaya yake. Ba ya zama a biyu. Kuma ba ya tsallakawa daga wannan zuwa waccan sai in akwai kibiya a tsakaninsu. Ba ni na ƙirƙiro ba. Duk kamfanin da ake dafa abu tukunya bayan tukunya, na magani ne ko na sabulu ko na lemo, wannan tsarin suke bi, don in ma'aikaci ya bar wani kamfani ya koma wani, kada ya tarar da inji yana magana da wani yare. Ni sunayen kawai na mayar Hausa."

Goggo ta ce, "Ikon Allah. Yau tukunya ce har da karatu."

Bai kula ta ba. Ya nuna koren maɓalli ya ce shi ke fitar da inji daga Jira zuwa Aiki. Ya nuna mai ruwan ɗorawa ya ce, "Wannan Riƙe ne. In an yi sallama, ko an kira salla, shi za a danna. Wuta za ta yi ƙasa, muciya ta ci gaba da juyawa a hankali, alewa ba za ta kama ba, ba za ta daskare ba. In an dawo a danna kore, ya ɗora daga inda ya tsaya." Tsayawa kuma, ya ce, wutar ce ke mutuwa amma muciya ba ta dainawa sai an juye abin da ke ciki. Sannan ya ɗora yatsa a kusa da wani babban ja, ya kalle ni ni kaɗai.

"Auta, wannan Katsewa ne. Komai mutuwa yake nan take, gas da moto. Ba a taɓa shi sai in gobara ta tashi ko hannun mutum ya shiga. Dubi katangar nan. Kin ga kibiya daga Katsewa zuwa Aiki?"

Na ce, "In ka ba ni allin sai in zana."

Na sha ranƙwashi. Ya ce daga Katsewa hanya ɗaya ce, ita ce Sharewa: a kwashe abin da ke tukunya, a wanke, inji ya auna ya ji babu komai a ciki, sannan ya koma Jira a fara daga farko. Ya sa na maimaita har na haddace. Kafin yamma na raba wa mutanen gida da'irorin. Na ce kyanwarmu a Jira aka haife ta, bakin Goggo kuma tun da aka danna masa kore bai taɓa kaiwa Kammala ba. Na sha ranƙwashi na biyu, wannan karon daga mai bakin.

Na faɗi wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri da cewa ban sani ba. Na sani. Na fi kowa a gidan sani, in aka cire Hamma.

Sati uku injin ya yi yana aiki. Ban taɓa ganin Inna a irin wannan hali ba. Za ta auna sukari da madara da ruwa, ta danna kore, ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta ɗora hannuwa a cinya tana kallonsu kamar na aro ne. Wani lokaci ta miƙe ta leƙa tukunyar ta ce, "Sannu da aiki," ta dawo ta zauna. Ta daina ɗaure kafaɗa. Ta fara yin barcin rana, abin da ban san ta iya ba. A cikin sati na ukun ne kuma takardar Hamma ta zo, ya samu aiki a Fatakwal, zai tafi ranar Juma'a. Hankalinsa a kwance yake, don ya bar wa Inna wanda zai yi mata tuƙi.

Ranar Laraba muna hutun makaranta. Hamma ya fita tun da safe karɓar takardar lafiya da wurin aikin suka nema. Akwai odar wani biki a Kabara da za a zo ɗauka washegari, Inna ta cika tukunya fal, ta danna kore, ta ce in zauna in sa ido ita za ta yanka alewar jiya. Alewa ta fara kauri, ƙamshi ya cika gidan, sai muka ji salati da kuka ta bayan katanga. Tsohon maƙwabcinmu ne, wani malami mai ɗinkin hula, Allah ya yi masa rasuwa. Shi ya yi wa Hamma huɗuba, shi ya yi mini. Inna ta saki wuƙa, ta figi mayafi, ta fita da takalmi wari da wari.

A lungunmu akwai abin da kowa ya taso ya tarar. In an yi rasuwa, ba a daka, ba a kunna rediyo, mai injin markaɗe ma kashewa yake, har sai an fita da gawa. Ba wanda ya rubuta dokar, amma gidan da aka ji ƙarar taɓarya a cikinsa a irin wannan lokaci, sai jikokinsa sun ji gorin. Ni da kaina na tashi na danna Riƙe, ina jin kaina wata babbar injiniya. Wuta ta yi ƙasa. Muciya ta rage gudu, amma moton yana nan yana wani ƙugi a hankali, ga giyar tana ƙara duk zagaye, ƙurum, ƙurum. Da rana tsaka ba a jin sa. Amma ranar lungun ya yi tsit, sai ya zama kamar ganga.

Goggo ta fito daga ɗaki tana gyara hijabi, idonta ja.

"Ke, wannan ƙugin na mene ne?"

"Goggo, a Riƙe na sa shi. Haka yake yi."

"Ni ban tambaye ki inda kika sa shi ba. Bawan Allah yana kwance a bayan katangar nan, ko wanka ba a yi masa ba, mu muna nan muna kiɗa? So kike a ce gidanmu ne ba a san mutuwa ba? Kashe shi!"

"In na sa Tsayawa ma sai ya yi ta juyawa har a juye."

"To sa wanda zai yi shiru yanzu."

"Hamma ya ce ba a taɓa jan sai gobara."

"Hamman naki a bayan nan na goya shi yana mini fitsari. Shi zai koya mini abin da ya kamata? Marar kunya, mai ido a tsakar ka!"

A nan ne nake so in faɗi gaskiya, don shekara da shekaru ina ba da labarin ina ɗora wa Goggo. Gidan rasuwar taku ashirin ne. Da na ruga na raɗa wa Inna, da ta san yadda za ta yi da Goggo, ko mu juye alewar a faranti ko da ba ta gama nuna ba. Amma zagin ya ci mini rai. Na ce a zuciyata, bari in danna, alewa ta lalace, Hamma ya dawo a ga wanda zai ji kunya. Na ɗaga hannu sama kamar mai yanka rago, na ce, "To ga shi nan!" na maka wa jan maɓallin. Komai ya ɗauke. Goggo ta ce, "Yauwa, ko ke fa," ta tasa ni gaba muka fita.

Niyyata in leƙa in dawo. Amma gidan rasuwa ba a shigarsa a fita da wuri in kana yarinya mai ƙafa. Wannan ta ce in shimfiɗa tabarmi, waccan ta ce in ɗebo ruwa, wata ta ce in je in gaya wa 'yar marigayin a Gwale don wayarta ba ta shiga. Ga ƙawayena duk sun hallara, muna ta gulma ƙasa-ƙasa a bayan randa. Na manta da tukunya kamar ba a taɓa halittarta ba. Sai gab da azahar, an fito da makara, mata suna salati, Inna ta kamo hannuna ta ce a kunnena, "Auta, kin juye alewar nan kuwa?"

Na ce, "Tuni."

Na zare hannuna na ruga gida.

Abin da na tarar a tukunyar nan ba alewa ba ce. Da za a ba magina su sa a harsashin bene, da jikokinsu sun gaji gidan. Ta daskare tun daga ƙasa har sama, ta rungume muciyar ƙarfen ƙam. Na ƙwanƙwasa da ludayi, ludayin ya lanƙwashe. Na danna kore. Allon ya rubuta: Katsewa, a share tukunya tukuna. Na sake dannawa. Ya sake rubutawa. Na danna da babban yatsa, na danna da gwiwar hannu, na yi bisimilla na danna, na roƙe shi don girman iyayensa. Har alkawari na yi masa cewa ba zan sake yi wa Goggo rashin kunya ba. Amsa ɗaya yake ba ni.

Na ɗaga kai, ga zanen Hamma a katanga yana kallona. Na san abin da injin yake nema. A dafa ruwa a zuba, a jira dutsen ya narke, a kwashe a zubar, a wanke. Amma yin haka yana nufin alewar biki ta tafi kwata, kowa ya dawo ya gani, Inna kuma ta san na yi mata ƙarya a gaban gawa. Ni kuma so nake in gyara komai kafin a dawo, a tarar da alewa a faranti, ni a gefe ina yanka ta kamar mutuniyar kirki.

Sai na tuna da mukulli. Lokacin da Hamma yake gwaji, akwai wani ɗan mukulli da yake sawa a gefen akwatin, in ya murɗa sai allon ya rubuta Hannu. A nan injin ba ya bin da'ira ko kibiya, duk abin da ka danna shi zai yi. Ya ɓoye shi a cikin wani tsohon takalmin ƙwallo a saman durowarsa, yana zaton ba wanda ya sani. A gidan nan babu abin da aka taɓa ɓoyewa ban san inda yake ba. Na taka kujera na ɗauko.

Na murɗa. Allon ya rubuta Hannu. Na yi tunanin in muciyar ta motsa ko kaɗan, dutsen zai farfashe, sai in kunna wuta ya narke. Na danna maɓallin moto. Ya yi wani nishi kamar bijimi an danne shi, muciya ko gezau. Na saki, na sake dannawa, wannan karon na riƙe. Nishin ya koma kuka, rumfar ta fara rawa, na ji wari kamar ana ƙona roba da gashi. Zuciyata tana ce mini saki, saki, hannuna yana cewa saura kaɗan. Sai na ji ƙas! daga cikin giyar, da ƙarfin da ya tashi tattabarun maƙwabta. Wani shuɗin hayaƙi ya fito daga moton a hankali, ya yi sama. Bayan nan ko na danna, ba nishi ba kuka.

Na zare mukullin na mayar cikin takalmin. Na ɗauki mafici ina korar hayaƙi. Har yanzu in na tuna kaina a tsaye ina yi wa mataccen inji fifita, ban san ko dariya zan yi ko kuka ba.

Inna da Goggo sun dawo bayan azahar. Inna ta leƙa tukunya, ta shaƙi warin, ta dube ni. Hamma ya shigo bayan la'asar da takardarsa a hannu, ya biya ya yi gaisuwar rasuwa. Tun daga soro ya ji warin. Ya ajiye takardar a ƙasa ya nufi rumfa. Ya taɓa moton, ya girgiza giyar, muka ji wasu ƙananan ƙarafa suna kaɗawa a ciki kamar tsakuwa a gwangwani.

"Me ya faru?"

Na ce, "Wuta ce ta yi sama."

"Wutar batir?"

"To ko kyanwa ce ta taka."

Ya juya ga akwatin. Ya danna wani wuri a allon da ban taɓa sanin akwai shi ba, sai ga rubutu layi-layi, kowane da lokacinsa. Ashe duk da'irar da injin ya shiga, rubutawa yake. Hamma ya karanta a fili, muryarsa ba sama ba ƙasa. Aiki. Riƙe. Katsewa. An nemi Aiki, an ƙi. An nemi Aiki, an ƙi. Ya yi ta karantawa, ina jin kamar ana karanta mini takardata ranar hisabi. Sannan ya ce, "Hannu," ya ɗago ya dube ni.

Na fashe da kuka na ce Goggo ce ta sa ni. Goggo, wadda na zaci za ta tada gidan, ta zauna a bakin rijiya ta ce, "Ni na ce ta kashe, wannan laifina ne, Allah ya yafe mini. Amma ban san da wani mukulli ba."

Hamma ya tsuguna daidai tsayina. Na rufe ido ina jiran mari, da ma ya mare ni. Ya ce, "Auta, jan maɓallin nan ba shi ya kashe injin ba. An yi shi ne don a danna. Da ruwan zafi kika zuba kika jira ni, da alewa kaɗai muka rasa, gobe da safe Inna ta danna kore. Sau goma sha bakwai ya ce miki a'a. Kin zaci taurin kai yake yi miki? Ya san akwai abu a tukunyar da moton ba zai iya juyawa ba."

Inna ta yi tambaya ɗaya tak. "Zai gyaru?"

Ya ce, "Zan gwada."

Bayan haka ta shiga madafa. Na ji ƙarar da na sani tun ina cikin zani, ƙarar tsohuwar tukunyar ƙarfe ana jawo ta daga ƙarƙashin kantar kwanuka. Masu biki za su zo da safe, kuma Inna ba ta taɓa cewa mai oda ya yi haƙuri ba. Na ruga na riga ta ɗaukar muciya, na ce wallahi ni zan tuƙa, ko hannuna zai cire. Ta bar ni. Da sukari ya yi danƙo aka zuba madara, ban yi minti biyar ba hannuwana suka zama kamar dafaffiyar taliya, ƙasan ya fara kamawa. Hamma ya karɓa, ƙarfi yana da shi amma bai san lokacin da ake juyawa da lokacin da ake dannawa ba, ta fara gudaji. Inna ta ɗauko tsummanta ta ɗaure kafaɗa da haƙori da hannun hagu, ta ce, "Ku ba ni nan." Tukunya huɗu ta tuƙa kafin dare ya raba. Ina zaune ina kallon yadda take cije leɓe duk juyi.

Ranar Alhamis Hamma ya ɗaure moton a bayan babur, ya zaga duk inda ake sayar da tsofaffin ƙarafa a garin nan. Masu naɗin waya sun ce za su iya naɗe moton, amma haƙoran giyar sun kakkarye, kuma irinta ba wanda ya taɓa gani, tsohuwar ƙira ce da ta zo da injinta. Ya dawo fuska duk baƙin mai ya ce wa Inna ya fasa tafiya. Ban taɓa jin Inna ta ɗaga masa murya ba sai ranar. Ta ce, "In ka zauna saboda ni, ban yafe ba. Hannuna ne, ni na san shi. Tashi ka haɗa kayanka." Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya tafi. A bakin ƙofa ya dafa kaina ya ce in kula da Inna. Ko kalma ɗaya bai sake yi mini a kan injin ba, har yau.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Hamma ya aiko da wata giya bayan wata uku, ba ta hau ba. Baffa ya dawo ya kawo wani mai gyaran janareta, ya duba ya ce ai wannan akwatin mai allo shi ke hana ruwa gudu, ya tsinke wayoyin ya haɗa kai tsaye, akwatin ma ya ƙone. Na koyi tuƙi, na iya, ina yi in na dawo makaranta da ranakun hutu. Na ce zan bar makarantar, Inna ta ce in na sake faɗa sai ta fasa mini baki. Amma yawancin oda da safe ake yin ta, ina aji, ita tana gaban murhu. Sabon ma'aikaci ba ya samun hutu da wuri, sai da Hamma ya shekara da wani abu kafin ya zo gida.

Bai riski abin da ya zo gyarawa ba. Wata safiya kafin zuwansa, ina shirin makaranta, na ji Inna ta kira ni ƙasa-ƙasa daga ɗaki, kamar ba ta so Goggo ta ji. Na shiga na same ta zaune a bakin gado, ɗankwali a hannun hagu, na dama yana kwance a cinyarta. Ta ce, "Auta, zo ki ɗaura mini. Ya ƙi zuwa." Na ce ai yau ta samu gwana, zan yi mata ɗaurin da in ta fita sai an zaci uwar amarya ce. Ta yi dariya. Na zaga bayanta ina ɗaurawa, ina ta surutu don kada ta ji muryata ta canza, hawaye yana ɗiga a kan ɗankwalin. An yi mata aiki daga baya, ciwon ya ragu, amma hannun bai sake wuce ƙirjinta ba. Da Hamma ya ce zai haɗa wani sabon injin, ta ce ya bari, masu saye sun riga sun koma wani gida, ita kuma ta gaji.

Inna ba ta taɓa cewa ni na jawo mata ba. Takan ce ciwo ne da ma yana hanya. Wataƙila haka ne. Amma ni na ga sati ukun nan da ta yi tana barcin rana, na kuma san hannun da ya ƙwace mata su.

Abin da na koya, na koye shi da tsada, kuma ba ni na biya ba. Kuskuren farko yana da iyaka. In ka yi shi, ka tsaya, ka faɗa da bakinka, ka yarda abin da ya lalace ya lalace, a wanke a sake sabo. Wanda ba shi da iyaka shi ne na biyu, wanda kake yi a ɓoye, da sauri, don kada a ga na farkon. Kuma in wani abu ya tsaya ya ƙi ba ka hanya, mutum ne ko inji, kafin ka nemi yadda za ka zagaye shi, ka tambaya me ya gani da kai ba ka gani ba. Ni ban tambaya ba, kuma duk safiya, kafin in fita, sai na shiga ɗakin Inna na ɗaura mata ɗankwali.